Sunan da Na Raɗa wa Baƙon Babanmu

Ba zan taɓa mantawa ba da makon da na yi aikin tafinta a gidanmu. Mako ɗaya tak na yi a kan aikin, kuma a cikinsa na kusa sa a ƙwace wa wani bawan Allah sabon babur ɗinsa, a haɗa da shi kansa a tsare.

Bari in fara da faɗin gaskiya game da Faransancina. Muna aji biyu a ƙaramar sakandare aka kawo mana malamar Faransanci. Zango ɗaya ta yi aka canza mata wurin aiki, ba a sake turo kowa ba. Abin da ta bar mini gado shi ne “bonju” (barka da yini) da “sa ba” (lafiya lau) da “mersi” (na gode) da “wi” (e), sai ƙirga daga ɗaya zuwa goma (bakwai da takwas nakan musanya su, amma ba wanda ya taɓa kama ni). Da wannan na buɗe harka a gida. In Inna ta zuba mini tuwo, sai in ce mersi. In ƙannena sun dame ni, sai in shaƙe hanci in zage su da wani yare da nake ƙirƙira nan take. In an kamo tashar Faransanci a rediyo ni ke fassara labarai, kuma a fassarata kullum shugabanni ne ke taro. Shekara uku ina haka, har Inna ta fara gaya wa maƙwabta a unguwarmu Damba, nan Gusau, cewa ɗanta yana jin bokon Nijar.

Ana nan sai ga Alhaji Sidiki ya sauka a gidanmu. Mutumin Mali ne, ɗan kasuwar shadda, dogo siriri, mai yawan murmushi. Sun haɗu da Baba a wurin aikin hajji, tanti ɗaya suka zauna a Mina, kuma tun daga nan suke gaisawa ta waya da ɗan Larabcin da kowannensu ya tsinta a makarantar allo. Yaren garinsu yake ji da Faransancin kasuwa. Hausarsa ba ta wuce “sannu” da “madalla” da “nawa ne” ba. Boko kuwa bai yi ba ko kaɗan, komai nasa da ajami yake rubutawa. Ya zo da ƙunshin shadda manya guda uku, zai yi wata biyu yana zaga kasuwannin Tsafe da Mada da Bunguɗu.

Baba ma'aikacin gwamnati ne, ba shi da lokacin yawo da baƙo. Da aka gama cin abinci sai ya ƙwala mini kira zuwa zaure.

“Kai, zo nan. Yau ranar Faransancinka ta zo. Ga babanku Alhaji, duk inda za shi kai ne bakinsa.”

A nan ne yaro mai hankali zai durƙusa ya ce, Baba, a yi haƙuri, wasa nake yi. Ni kuwa sai na gyara zaman hulata, na shaƙe hanci, na ce, “Bonju, Alhaji. Sa ba?”

Wayyo, farin cikin da bawan Allahn nan ya yi! Ya kama hannuna da hannu biyu ya saki magana kamar an buɗe famfo. Ya yi kusan minti uku bai tsaya ba. Ban tsinci ko kalma ɗaya ba. Da ya ja numfashi na ce, “Wi.”

“Mi ya ce?” in ji Baba.

“Ya ce ya gode da karɓa, kuma garinmu akwai zafi.”

(Ga duk mai son shiga wannan sana'a: a Gusau wannan fassarar ba ta taɓa faɗuwa.)

Washegari da safe ya yi wata doguwar magana, sai na ji kalma ɗaya tana ta dawowa: moto, moto. Na ce wa Baba Alhaji mota yake son saya. Baba ya ɗan yi mamaki, amma ya kwatanta mana wurin wani abokinsa dillalin motoci. Sa'a guda muka yi a can. Dillali yana buɗe bonet yana rufewa, yana rantsuwa cewa wata Hajiya ce ta hau motar zuwa asibiti kawai, Alhaji Sidiki yana bin mu da murmushi irin na wanda aka kai yawon buɗe ido. Can wani ɗan kabu-kabu ya wuce a bakin titi. Alhaji ya fizgo hannuna ya nuna shi.

“Moto! Moto!”

Ashe babur suke kira haka. Na juya na ce wa dillali, “Ya canza shawara.”

Sayen babur ɗin bai ba ni wahala ba, domin ba a buƙace ni ba. Alhaji da mai shago suka yi cinikinsu da wayar hannu, wannan ya danna lamba ya miƙa, wancan ya girgiza kai ya danna tasa. Ya zaɓi ja. Ya zagaya shi sau uku, ya matsa tayoyi, ya shafa tanki, ya yi bisimilla. Daga baya na san cewa niyyarsa in ya gama kasuwa ya hau abinsa ya ratsa Nijar har gida, don haka takardun babur ɗin su ne komai a wurinsa, a kowace iyaka za a tambaye shi.

Mai shago ya miƙo mini rasit ya ce, “Na bar wurin suna, ku cike shi daidai da katinsa don kada a samu saɓani. Kuma ka gaya mishi, kada ya kuskura ya fita gari da shi sai an yi rajista an sa lamba. Ka san halin da muke ciki. Baƙo, da sabon babur, babu takarda? Ba mai sauraren bayaninsa.”

Na juya na gaya wa Alhaji wannan gargaɗi duka. Wato na nuna babur, na nuna takarda, na ce, “Sa ba.”

A ofishin rajista muka tarar da wani malami mai tabarau, fanka tana kaɗa masa takardu yana danne su da kofin shayi. Ya nemi katin shaida. Alhaji ya zaro wata leda daga aljihun ciki, ya warware ta, ya sake warware wata, sannan ya fito da katin ɗan ƙasa irin na ƙasarsu, wanda ya sha jiki har gefunansa sun yi laushi. Malamin ya juya shi gaba da baya.

“Wannan ai duk Faransanci ne. Wa ke ji a cikinku?”

Na ɗaga hannu kamar a aji.

“Madalla. Karanto muna sunan mai babur.”

Na karɓi kati. Na nemi Sidiki daga sama har ƙasa, babu Sidiki. (Ashe laƙabi ne, kamar yadda muke ce wa Abubakar Sadiku. Wa zai gaya mini?) Abin da na gani layuka ne birjik, kowane da kalma a gabansa, kuma ban san wanne ne sunan mutum, wanne ne na uwarsa, wanne ne na garinsu ba. In tambaye shi kuma sai da jimla, ni kuwa ba ni da jimla. Malami yana jira da biro a hannu, mutum huɗu a layi suna kallona.

Sai Allah ya kai idona can ƙasa, kusa da inda ake sa hannu. Ga abin da aka rubuta: Signes particuliers.

Na ji wani sanyi a raina. Duk ɗan Najeriya ya san fatikula. In ɗan sanda ya tsayar da kai a hanya, abin da zai fara cewa ke nan, kawo fatikula, wato takardun abin hawa. Kalmar farko kuwa ai “sayin” ce, sa hannu. Ka ga lissafi ya fito: wannan layin shi ne sunan da mutum ke sa wa a takardun abin hawansa. Har na yaba wa gwamnatin Mali a zuciyata saboda tsari. A gaban layin an rubuta kalma ɗaya da manyan baƙaƙe.

“N, E, A, N, T,” na karanto.

“Suna ɗaya? Biyu ake so.”

Na ɗan ɗaga yatsa sama, na ci karo da wata gajeriyar kalma mai kama da sunan mutum. “N, O, I, R.”

Malami ya rubuta ya ɗaga takardar nesa da idonsa. “Noyir Niyanti?”

“Nuwa Neyo ake cewa, Malam,” na gyara masa ta hanci. “Ba a faɗin baƙin ƙarshe.”

Wani dattijo a layi ya ce, “Kai, Allah shi yi ma yaron ga albarka. Ina ma nawa.”

Na sunkuyar da kai irin na masu tawali'u. Na cike rasit da sunan, Alhaji ya sa hannu da ajami yana ta madalla, bayan kwana biyu muka koma muka karɓo lamba da takardu. Ranar har ƙarin nama Inna ta sa mini.

Fitarmu ta farko Bunguɗu muka nufa. Alhaji yana tuƙi, ni ina baya na rungume ƙunshin shadda, ina fatan 'yan ajinmu su gan ni. Ba wanda ya gan ni. Mun kusa shiga gari muka iske shingen jami'an tsaro, an jera buhunan yashi da tsofaffin tayoyi. Wani jami'i mai kauri ya ɗaga mana hannu. Ya dubi jan babur yana ƙyalli, ya dubi Alhaji.

“Daga ina?”

“Madalla,” in ji Alhaji.

Na yi tsalle na sauka. “Yallaɓai, baƙonmu ne daga Mali, ba ya jin Hausa. Ni ne tafintansa.”

“To, tafinta, kawo fatikula da katinsa.”

Na miƙa da hannu biyu, ina jiran yabo. Ya duba takarda, ya duba kati. Ya sake duba takarda. Ya kira abokin aikinsa, suka haɗa kai.

“Babur ɗin wane ne?”

“Nasa ne, Yallaɓai.”

“A kati na ga Bubakar wani abu. A takarda na ga wani Noyir. Ina Noyir ɗin?”

“Ai shi ne. Duba ƙasa, Yallaɓai, za ka ga sunan. Su a Mali suna biyu gare su, akwai na gida, akwai na fatikula.”

“Yaro,” ya ce, “na fi shekara goma a kan hanya. Ko'ina a duniya sunan mutum kusa da hotonsa yake.”

Maimakon in yi shiru, sai na shiga yi masa darasi a kan bambancin tsarin Faransa da na Ingila. Ban kai ƙarshe ba ya zare makullin babur ya sa a aljihu. Aka tura jan babur gindin wata bishiya inda wasu babura uku suke jingine, ƙura ta rufe su, da gani sun kwana biyu. Aka nuna wa Alhaji benci. Jami'in ya ce baƙon da ya shigo da sabon babur da sunan wani, a wannan yanki, ba a hanya ake gama maganarsa ba, sai an kai shi ofis an ji wa zai kai wa babur ɗin.

Karo na farko tun zuwansa na ga Alhaji ba ya murmushi. Ya dube ni ya yi wata gajeriyar tambaya a hankali. Na ce, “Wi.” Ya dafe kai da hannu biyu. (Daga baya aka gaya mini tambayar: “Ɗaure ni za su yi?”)

Mutane sun fara taruwa, masu rake da masu jiran mota. A gefen shingen akwai rumfar wani tsoho mai faci, yana zaune cikin baƙin mai da tsofaffin tubobi, da singileti mai huji uku. Ya jima yana kallonmu. Sai ya ajiye tayar da ke hannunsa, ya goge hannu a wando, ya tako. Jami'an suka ce, “Baba Ɗan Maraɗi, ya aka yi?” Bai kula su ba. Ya tsaya gaban Alhaji ya buɗe baki.

Jama'a, Faransanci ya zubo. Na gaske. Irin na rediyo.

Alhaji ya miƙe zumbur kamar an kira shi daga gida. Ya riƙe tsohon nan, da man da komai, ya fara magana, yana nuna babur, yana nuna Gusau, yana nuna ni. Sun fi minti biyar. Ni kuwa ina gefe ina gyaɗa kai, don jama'a su ɗauka ina bin zancen. Ashe tsohon a Nijar ya yi firamare, ya kuma yi shekara ashirin yana faci a Abidjan.

Ya karɓi kati da takarda daga hannun jami'in. Ya duba. Ya matso da su kusa da ido. Sai kafaɗunsa suka fara rawa.

“Wa ya ba da wanga suna?”

Yatsu kusan goma suka nuna ni. Har da na mai rake, wanda bai san komai a kai ba.

“Zo nan, ɗana. Nan ka karanta?”

“E, Baba. Wurin fatikula.”

“Wurin mi?”

“Fatikula.”

Tsohon ya zauna a kan buhun yashi don dariya ta hana shi tsayuwa. Da ya samu numfashi ya ɗaga katin sama yadda kowa zai gani, kamar mai wa'azi a kasuwa.

“Ku saurara. Wanga layi, launin fatar mutum ake rubutawa. Sun ce baƙi. Wanga na ƙasa kuma tambaya ce, ko mutum yana da wata alama a jiki, tabo ko zane ko makamancinsu. Sun ce babu. Yaron ga ya tafi ofishin gwamnati ya yi ma babur rajista da sunan Baƙi Babu.”

Na taɓa jin dariya a rayuwata, amma ban taɓa jin irin wannan ba. Jami'in mai kauri ya jingina da motarsu yana share hawaye. Abokinsa ya ce, “Alhaji Baƙi Babu, mai babur!” Wata mata a cikin motar haya ta ce a maimaita mata ba ta ji ba, aka maimaita mata, ta maimaita wa na bayanta. Direban ya kashe mota don ya ji daɗin dariya. Ni dai na tsaya rungume da shadda, ina duban ƙasa ko akwai rami.

Na ɗauka an gama. Sai tsohon ya fassara wa Alhaji abin da ya faru. Alhaji ya dube ni, ya faɗi wata magana a natse. Tsohon ya sake fashewa.

“Mi ya ce? Mi ya ce?” in ji jama'a.

“Ya ce shi bai san Faransanci yaron ke yi mishi ba. Bayan gaisuwar farko, duk sauran ya ɗauka Fillanci ne. Ya ce kuma ganin yaron kullum ta hanci yake magana, har ya yi niyyar ba mahaifinsa wani maganin mura da ya zo da shi.”

A nan ne na ajiye shaddar na zauna a ƙasa.

Dariya ba ta sa an saki babur ba. Jami'in ya ce ya yarda kuskure ne, amma takarda takarda ce, ba zai bar babur ya wuce da sunan mutumin da babu shi ba. Alhaji dai ba za a kai shi ofis ba in wani babba ya zo ya tsaya masa. Dole na kira Baba. Na ce, “Baba, an ɗan samu saɓanin fassara.” Ya baro aiki ya zo cikin rana, ya gaisa da kowa, ya saurari labarin daga bakin mai faci (wanda zuwa lokacin ya ƙara masa gishiri, har da kwaikwayon muryata). Baba bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya sa hannu ya karɓi baƙonsa, ya ba shi haƙuri da Larabci. A mota, muna komawa Gusau, ya dube ni ta madubi sau ɗaya.

“Labaran rediyon nan da kake fassara muna, su ma haka ne?”

Na ce, “Wasu daga ciki.”

Kwana huɗu babur ya yi a gindin bishiyar. Sai da aka je kotu aka yi takardar rantsuwa, aka koma wurin mai shago ya sake rasit, aka koma wurin malami mai tabarau. Shi kuma da ya ji bayani ya cire tabarau ya kira duk 'yan ofishin su zo su ga yaron. Baba ya rasa kwana biyu na aiki, Alhaji ya rasa cin kasuwa biyu. Da aka zo cike sabuwar takarda, mai faci aka ɗauko takanas daga Bunguɗu, ya zo da wankakkiyar riga, ni kuma aka ba ni riƙon leda.

Alhaji Sidiki bai riƙe ni a zuciya ba. Ya gama watanninsa biyu, ya koyi Hausar da ta fi Faransancina nesa ba kusa ba, ya ɗaure kayansa a bayan jan babur ya kama hanyar gida. Da ya isa ya kira Baba, kuma aka ce ya tambayi lafiyar hancina. Labarin kuwa ya riga ni zuwa makaranta, ban san ta wace hanya ba. Har yau in malami yana kiran suna ya zo kan wanda bai zo ba, sai wani daga baya ya ce “Neyo,” aji ya juyo ya dube ni.

Ranar da aka gama gyaran takardun, kafin mai faci ya hau mota, na ja shi gefe na roƙe shi ya koya mini abu ɗaya: yadda ake cewa “ban sani ba” da Faransanci. Ya faɗa mini, na maimaita sau uku, ya ce yanzu na fara jin yaren. Gajeriyar magana ce, ba ta kai tsawon atishawa ba. Na lura kuma tana da sauƙin faɗi da Faransanci fiye da Hausa, domin da Hausa har yanzu takan maƙale mini a wuya. Amma ina ƙoƙari. In ka gan ni a Gusau ka tambaye ni hanya na ce ban sani ba, kada ka ji haushi. Taimakonka na yi.